Wa Ke Tsoron Wa A Masaukin Baƙi?

Mai karatu, ka taɓa kwana ɗaki ɗaya da mutanen da ko sunansu ba ka sani ba? Ni dai na taɓa, a Wagadugu, lokacin bikin finafinan Afrika na FESPACO na 2025. Wajen sha ɗaya na dare na shiga garin, aljihuna kuma bai kai na otal ba, sai wani mai babur ya kai ni wani masauki mai araha. Gadaje shida ne a ɗakin, fanka ɗaya, mutum biyar tuni sun kwanta.

Ba zan ɓoye maka ba, sai da na ɗaure jakata a ƙafata kafin na rufe ido, kuɗina kuwa cikin safa na cusa su. Da asuba na farka, sai na ga dattijon da ke gadon kusa da nawa yana zaro wayarsa da takalmansa daga ƙarƙashin filo. Ashe tun da na shigo cikin dare ya ɓoye su. Wato shi ma ni yake wa kallon ɓarawo!

To, ga tambayar da ta hana ni sakat tun ranar: shin na zalunci mutumin nan, ko kuwa hankali na yi? Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so, su ne kuma suka ce zato zunubi. A ganina maganganun biyu ba sa karo da juna. Killace kayanka haƙƙinka ne, ba ka ci mutuncin kowa ba. Laifin yana farawa ne daga lokacin da ka yanke wa mutum hukunci a zuciyarka don kawai talauci ya haɗa ku ɗaki. Ni kam na yanke, nan ne na yi kuskure.

Ina muka koyo wannan? Duba finafinanmu da littattafanmu. Da wuya ka ga an nuna masauki cikin dare sai idan za a yi lalata ko a ƙulla makirci. Alhali kakanninmu fatake a zango suke kwana, su damƙa wa mai masauki dukiyarsu. A Wagadugun ma akwai tsohuwar unguwar Hausawa, Zanguwetin, wadda aka rushe a 2003.

Ka tuna, mai barci ba ya iya kare kansa. Duk wanda ya yi minshari kusa da kai, ya ba ka amanar ransa ne, ko da ya ɓoye takalmansa. Washegari dattijon nan ya bar mini jakarsa ya shiga wanka. Kai da kai ne, mai karatu, da ka bar masa taka?