Ƙaddara a Bakin Mai Gyara

A kasuwar da ake kira Black Market a Adjamé, cikin birnin Abijan, da shagunan Treichville da ke ƙetaren ruwan Ébrié, ana sayar da waya sabuwa da tsohuwa, ana kuma fasa matacciya a cire allonta da batirinta a sayar wa mai bukata. Hausawan Nijar da na Nijeriya sun daɗe suna kasuwanci a waɗannan unguwanni biyu, kuma duk inda Bahaushe ya je da kalmar da yake rufe zance da ita yake tafiya: ƙaddara ce. Kalmar gaskiya ce, tana cikin shika-shikan imani. Abin tambaya shi ne lokacin da ya halatta a faɗe ta. Ra'ayina shi ne, mai gyaran da ya ambaci ƙaddara kafin ya auna ya ci amanar sana'arsa, kuma bai fahimci ƙaddarar ba.

A ɗauka wani matashi ya haɗa na'urar wasa ta hannu da kansa, irin mai kwaikwayon Game Boy da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989. Ya samo ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, ya liƙa mata allo da madannai da batirin waya. Ta kama aiki, sai kuma ta riƙa mutuwa da kanta a tsakiyar wasa, sai ya kai ta wurin mai gyara. Gwanin mai gyara ba ya duban sama ya yi hasashe. Ya san batirin irin wannan yana ba da bolt 3.7, idan ya cika ya kai 4.2, alhali kwamfutar tana neman bolt 5, don haka akwai ɗan fanel a tsakani mai ɗaga wutar. Sai ya ɗora mita ya ga ko wutar na faɗuwa idan wasa ya yi nauyi. Idan ba nan ba ne, ya duba dalmar da aka liƙa, domin wadda ba ta narke sosai ba takan yi kamar ta kama alhali tana rawa. Ya canza abu ɗaya, ya gwada, sannan ya canza na biyu. Dukan aikinsa ya dogara ne a kan yarda cewa abin da ya faru jiya a wannan yanayi shi zai faru yau.

Nan ne ƙalubale mafi ƙarfi yake fitowa, kuma daga cikin makarantarmu ta zaure yake fitowa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi jayayya a littafinsa Tahafutul Falasifa cewa wuta ba ita ke ƙona auduga da ikon kanta ba. Abin da ido ya gani shi ne ƙuna yana faruwa a lokacin haɗuwarsu, Mai ƙonawa kuwa Allah ne. Ibn Rushdi ya mayar masa da martani cewa wanda ya ƙaryata sababi ya rushe ilimi. Wani zai ce, to in Gazali ya yi gaskiya, me ya rage wa mita? Amsar tana wurin Gazali da kansa, domin bai ce duniya ta zama hargitsi ba. Ya ce Allah Yana gudanar da abubuwa bisa al'ada tabbatacciya, kuma Ya sanya mana sanin wannan al'adar a zukata. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma ake karanta aƙidarsa Ummul Barahin daga Katsina har Tumbuktu, ya kasa hukunci uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Na al'ada shi ne wanda ake sani ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa Allah na iya saɓa shi. Wannan shi ne ainihin ilimin mai gyara. Ba ya bukatar ya yi imani cewa batir na da iko na kansa kafin ya san cewa in wuta ta gaza na'ura za ta mutu. Yana karanta al'adar da Allah Ya shimfiɗa ne, kuma wanda ya ƙi karanta ta bai fi shi tauhidi ba, ya dai fi shi kasala.

Sahabbai sun riga sun yanke wannan magana a aikace. Da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, sai ya juya da mutane daga Sarga. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce. Fiƙihun Malikiyya ya ƙara matse zancen ta fuskar haƙƙi. A Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, hukuncin shi ne masu sana'a suna lamunin kayan da aka ba su suka ɓuya da su daga idon mai su. Maɗinki da marini da maƙeri ba sa kuɓuta da faɗin cewa kaya sun lalace. Sai an sami shaida. Malaman da suka tsayar da wannan hukunci sun fi kowa imani da ƙaddara, amma sun san cewa in aka bar kalmar ta zama mafaka, dukiyar mutane za ta salwanta a hannun masu sakaci. Ban ga dalilin da zai fitar da mai gyaran waya ko na'urar wasa daga wannan babi ba.

Akwai ƙalubale na biyu da ya cancanci a saurare shi. Wata lalacewar ba a gano kanta. Abijan gari ne mai danshi, iskarsa na ɗauke da gishirin teku, tsatsa na cin ƙafafun ƙananan kayan wuta a ƙarƙashin inda ido ba ya kai. Na'ura ta yi aiki a kan tebur, ta mutu a aljihu. Shin ba a nan ƙaddara ta shigo ba? Ƙaddara tana nan tun farko, har a cikin laifin da aka gano. Abin da ya ƙare a wannan gaɓa shi ne sanin mai gyara ko ƙarfin kayan aikinsa, kuma kalmar da ta dace da shi ita ce ban gano ba. Tarihin sana'ar ya nuna haka. Na'urar Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1990, ta shahara da dushewar allo da ɗaukewar sauti bayan shekaru, kuma yau masu gyara sun san cewa kafasitocinta ne ke tsiyaya, a canza su ta farfaɗo. Sababin yana nan tun kafin a san shi.

Masu cewa ai abin wasa ne, bai kai a tayar masa da malamai ba, sun manta cewa lamuni bai duba darajar kaya a idon mai gyara, haƙƙin mai su yake dubawa. Yaron da ya tara sefa ya sayi allo da batir dukiyarsa ya kawo. Ko wasan ya dace ko bai dace ba, wannan tambaya ce tsakaninsa da iyayensa.

Ga mai kaya, in an yi iya ƙoƙari abin ya ƙi, ambaton ƙaddara haƙuri ne, kuma yana da lada. Ga mai gyara kuwa, jama'a na da haƙƙin su tambaye shi abu uku kafin su karɓi kalmar daga bakinsa: me ya auna, me ya canza, kuma yaya na'urar take lokacin da ta shigo hannunsa. Ya kamata shugabannin masu sana'a a Adjamé da Treichville su wajabta wa yaransu gwada kaya a gaban mai su kafin a karɓa, a rubuta abin da aka gani.