AKU-KUTURU DA AMANAR MA'AIKACI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai ciyar da tsuntsu a sararin sama da kifi a ƙarƙashin ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, kwanan baya wani tsohon ɗalibina ya same ni bayan mun tashi daga darasin nahawu. Ya ce an ɗauke shi aiki a wani wurin da ake jinyar tsuntsaye da namun dajin da hukuma ta ƙwato daga hannun 'yan fasa-ƙwauri, kuma sashen aku aka ba shi. Amma 'yan'uwansa sun sa shi gaba da ba'a, wai duk karatun da ya yi ya ƙare a bautar tsuntsu. Ya ce, "Malam, shin akwai lada a cikin wannan aiki, ko in nemi wani?" Na ce masa akwai lada, akwai kuma hisabi. Na ga ya kamata in kawo amsar a wannan fili, domin ta shafi kowane ma'aikaci.

Da farko ya kamata mu san halin da wannan tsuntsu yake ciki. Aku-kuturu, mai launin toka da jar wutsiya, ba tsuntsun Arewa ba ne. Mazauninsa kurmi ne, tun daga Gana da kudancin Nijeriya har Kamaru da Kwango. Wanda muke gani cikin keji a kasuwanninmu da zaurukan attajirai, yana yi wa baƙi sallama, galibi kamo shi aka yi. Masu kamun sukan shafa danƙo a reshe, su ɗaure wani akun domin kukansa ya jawo 'yan'uwansa, ko kuwa su hau bishiya su kwashe 'ya'yan daga cikin kogo. Daga nan sai a datse musu fukafukai, a cusa su cikin akwatuna, da yawa su mutu a hanya. Daga 1975 zuwa 2013 an fitar da fiye da miliyan 1 daga Afirka ta hanyar da doka ta yarda, ban da na ɓoye. A ƙasar Gana bincike ya nuna cewa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta sun ɓace daga 1992. Saboda haka ne a 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Nijeriya ma tun 1985 ta kafa doka mai lamba 11 don kare dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

To, idan jami'ai sun kama irin waɗannan akwatuna, wurin masu jinya ake kai su. A ƙarshen 2007 an ƙwace aku fiye da 1,000 a filin jirgin saman Duwala, aka kai su cibiyar kula da namun daji ta Limbe a Kamaru, wadda aka kafa a 1993. Aikin irin wannan wuri shi ne a keɓe tsuntsayen don gudun yaɗuwar cuta, a ba su magani, a ciyar da su da kwakwar manja da 'ya'yan itatuwa, a jira sabon gashi ya fito, abin da kan ɗauki watanni. Sa'an nan a sake su cikin babban keji su koma tashi, kana a mayar da su daji.

Musulunci bai ɗauki wannan aikin banza ba. Allah Maɗaukaki Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamarmu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai. Da Manzon Allah (S.A.W.) ya gani, sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da 'ya'yanta. Ashe ke nan mayar da tsuntsu inda aka ɗauko shi umarni ne da ya fito daga bakin Annabi. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, da na matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

A lura da laifin wannan mata, tsarewa ce tare da sakaci. Mai jinyar aku kuwa tsarewa ce aikinsa, mabuɗin keji yana aljihunsa. Tsakaninsa da ita sakaci ne kaɗai. Abin lura kuma, aku yana da bakin magana, amma ba ya kai ƙara. Zai maimaita duk abin da ya ji, amma ba zai gaya wa shugaba cewa yau ba a sauya masa ruwa ba. Majinyacin asibiti yana da dangi, ɗan makaranta yana da uba, shi kuwa aku ba shi da mai tsaya masa sai Allah. A irin wannan wuri ne ake gane ma'aikacin da ke aiki don idon shugaba da wanda ke yi don sanin Allah Yana ganinsa, watau matsayin ihsani.

Saboda haka abu na farko da ake bukata a wurin shi ne amana. Aku tsuntsu ne mai tsada, mai gadinsa kuwa albashinsa kaɗan ne. Shaiɗan zai raya masa cewa a cikin ɗaruruwa wa zai lura da guda biyu? Ya rubuta sun mutu, ya fitar da su da dare. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa wanda aka ɗora wa aiki ya ɓoye ko da allura ce, ha'inci ne da zai zo da shi ranar Alƙiyama. Idan allura ke nan, ina ga mai rai? Haka nan kyautar da dillali zai kawo wa ma'aikaci da sunan goro, hadisin Ibnul Lutbiyya, mai karɓar zakka, ya riga ya yanke hukuncinta, domin da yana zaune a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa.

Na biyu, gaskiya a cikin rajista. Idan aku 10 sun mutu, a rubuta 10. Idan kuskuren wani ne ya jawo, ya faɗa da wuri, domin ɓoye mutuwar guda ɗaya kan sa cuta ta cinye keji duka. Amma nauyin wannan ya fi rataya a wuyan shugaba. Shugaban da ke wulakanta wanda ya faɗi kuskurensa, shi ne ke koya wa ma'aikatansa ƙarya. Wanda kuma ke jinkirta albashin mai share keji alhali kuɗin suna hannunsa, ya buɗe wa ɓarna ƙofa da kansa. Ba ya yiwuwa a ji tausayin tsuntsu a zalunci mai ba shi abinci.

Na uku ya fi wuya, shi ne danne son rai. Aku yana da shiga rai, kowa yana son ya koya masa sallama, ya ɗora shi a kafaɗa. Amma akun da ya saba da mutane, idan an sake shi, shi ne zai fara faɗawa hannun masu kamu. Don haka mai jinya na gari ba ya sabar wa tsuntsun da kansa. Yakan yi wahalar watanni domin wanda zai tashi ya tafi ba godiya, ba waiwaye. Wannan kuwa makaranta ce ta ihlasi.

Na huɗu, adalci ga mutanen da ke zaune kusa da daji. Keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci, Annabi (S.A.W.) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Imamu Malik da Buhari sun kawo wasiyyar da Umar ya yi wa mai gadinsa Hunayyu. Ya umarce shi da sassauta wa mutane, da tsoron addu'ar wanda aka zalunta, da barin mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya shiga, amma ya hana garken manyan attajirai, har ya ambaci sunan Ibn Aufu da Ibn Affan. Mai gadin daji a yau ya duba wannan. Kada ya tsananta wa talakan da yunwa ta sa ya hau bishiya, ya sara wa babban dillalin da ya aike shi. A hana talakan, a kuma nema masa wata sana'a, amma hukunci ya fara daga sama.

Mu kuma sauran jama'a muna da namu kason. Gaskiya ne malamai sun halatta ajiye tsuntsu idan ana kula da shi, bisa hadisin Anas game da ƙaninsa Abu Umairu da ɗan tsuntsunsa. Amma wannan bai halatta sayen abin da hukuma ta hana kamawa don maslaha ba. Idan babu mai saye, babu mai shafa danƙo.

Ɗalibin nan nawa dai ya kama aikinsa. Na ce masa duk safiya kafin ya buɗe keji ya gyara niyya, ya tuna cewa rajista biyu ake cikewa, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun mala'iku, ya yi ƙoƙari su yi daidai.

Allah Ya sa mu cika amanar da aka ɗora mana, Ya ji ƙanmu kamar yadda Ya umarce mu da jin ƙan halittunSa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.