Tafkin Nyos da Batun Ƙaddara

Tafkin Nyos yana cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta a Arewa maso Yammacin Kamaru, kusa da iyakar Nijeriya, zurfinsa kimanin mita 200. Kafin 1986, baƙon da ya hau ya kafa tanti a gefensa ba abin da zai gani sai ruwa kwance luf da ciyawa kore shar a gangaren duwatsu. A can ƙasan tafkin kuwa iskar kabon ce ke tsattsafowa tana narkewa, nauyin ruwan da ke bisa ya danne ta, kamar lemon kwalba kafin a cire murfi.

A daren 21 ga Agusta, 1986, iskar ta ɓalle. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana malala har ƙauyukan Nyos, Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da yawa cikin barci, da dabbobi wajen 3,500. Gari ya waye ɗakuna na tsaye, shanun Fulani zube a makiyaya, ko ƙuda babu a kan mushen, don shi ma bai tsira ba.

Mai ta'aziyya zai ce kwana ne ya ƙare. Masanin ƙasa zai ce iska ce ta taru fiye da kima. Maganganun biyu ba sa karo, domin a fahimtar malaman Sunna, Allah da ya ƙaddara abu shi ya ƙaddara sababinsa. Abin da ba shi da madogara shi ne a ce azaba ce ta sauka kan mutanen. Wannan shiga gaibu ne, kuma zalunci ne ga mamata, cikinsu har da jarirai.

Wuyar tana wajen sakaci. Shekara biyu kafin bala'in Nyos, a 1984, Tafkin Monoun na Kamaru ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Yarda da ƙaddara tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, amma ba ta sauke nauyi daga wuyan wanda ya sani ya yi shiru. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, ya kuma nuna wa sahabi Abu Ubaida cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar take.

Kama sababi a Nyos ya zo da bututu. A 2001 aka zura na farko har ƙasan tafkin, aka ƙara biyu a 2011, ruwa na feshi sama yana sakin iskar sannu a hankali. An kuma yi fargabar gaɓar tafkin, wadda in ta karye ambaliya za ta bi kogin Katsina-Ala ta shigo Nijeriya. Wannan fargabar tana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.