Shin Duba Wayar Ɗanka Leƙen Asiri Ne Ko Riƙon Amana?

Ga wata mas'ala da ke damun iyaye a Jega da Aliero da Maiyama. Allah Ya hana binciken asirin mutane a cikin Suratul Hujurat. To, ya halatta uba ya buɗe wayar ɗansa?

Ka sani, tun da wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, katangar gida ta daina tsare yaro. Da can, baƙo sai ya yi sallama a zaure. Yau kuwa ta WhatsApp ko TikTok yake shiga ɗakin ɗiyarka da tsakar dare, ya yi ta zaƙin baki har ta aika masa da hotonta, sa'an nan ya ce in ba ta ba shi kuɗi ba, zai watsa. Ɗa namiji kuma a ja shi zuwa cacar ƙwallo da damfara.

Amsa ita ce, yaro amana ne a hannunka, kuma Suratut Tahrim ta umurce ka da tsare iyalinka daga wuta. Dubi manomin albasa a Aliero. Ba ya adana albasa ya tafi abinsa, yakan dawo ya juya ta, ya fid da wadda ta fara ruɓa tun ba ta shafi saura ba. Shin ɗanka bai fi albasa daraja ba?

Amma fa kada ka duba a ɓoye kamar ɓarawo, domin yaron da aka yi wa haka sai ya ƙara ƙwarewa wajen ɓoyo. Ka gaya masa tun ranar da ka ba shi wayar cewa za ku riƙa dubawa tare. Kada waya ta kwana a ɗakin yara. Su kansu masu Facebook da TikTok ba su yarda wanda bai kai shekara 13 ya yi rajista ba, balle kai Musulmi. In yaro ya kawo maka abin da ya tsorata shi, kada ka fara da bulala, don gobe ba zai faɗa ba. In ya balaga, hankali ya zauna, sai ka sassauta, ka koma ga nasiha.

Kuma ka tambayi kanka, shin taka wayar za ka iya miƙa masa ya duba?

Allah Ya shiryar da zuriyarmu, amin.