Jarin da Gobara Ba Ta Ci

Da ku nake, ku masu fita tun duku-duku. Direban A Daidaita Sahu da ke lissafin kuɗin balas kafin ya ɗauki fasinjan farko, ɗan dako a Dawanau da buhu ke hawa wuyansa bai ko karya ba, tela da makanike, birkila da leburansa, malamar firamare mai ƙirga kwanakin albashi, da ke Inna mai tuyar ƙosai a bakin titi, wadda idonta ya gama sabawa da hayaƙi. Sannunku da aiki, sannunku da ƙoƙari. Garin nan a kan kafaɗunku yake tsaye, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Na san halin da ake ciki, ba zan yi muku daɗin baki ba. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki ya kwana da yunwa. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce dubu. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a daidai lokacin da babban buhun shinkafa ya fi haka tsada, kuma yawancinku ma ba ku da albashin balle a ƙara muku. Masaƙun Kakuri da suka ciyar da dubban gidaje a Kaduna sun yi shiru, masana'antu da dama a Bompai da Sharada da Chalawa sun koma wurin ajiyar kaya. Wanda ya ce ya gaji, gaskiya ya faɗa.

To amma akwai abin da na daɗe ina dubawa a kasuwanninmu, kuma shi ya sa ban yarda a ce mun ƙare ba. A watan Maris na 2016 gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta lashe dubban shaguna. Mutum ya kwanta da jarinsa na shekara ashirin, ya wayi gari da toka. A daminar 2022 kuma ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa diloli na atamfa da shadda. Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan masifa. Bayan an gama jaje, sai ka ga wani ya kafa tebur a bakin hanya, manyan diloli suna aiko masa da kaya, su ce, "Alhaji, sayar ka kawo." Ba takarda, ba jingina. Wani kuwa, da shagonsa ya fi na wancan girma, zai zaga kasuwa kaf bai sami mai ba shi ko turmi ɗaya ba. Wuta ɗaya ce ta cinye su, amma na farkon ya yi shekaru yana kai kuɗin mutane ranar da ya ce zai kai, na biyun kuwa sai an bi shi da rigima. Wancan sunan da mutum ya gina, da sana'ar da ke hannunsa, su ne dukiyar da wuta ba ta gani, ruwa ba ya jiƙawa, faɗuwar naira ba ta rage musu daraja. Kuma talaka ma yana iya tara su, tun daga yau, ba sai ya jira rancen gwamnati ba.

Ku dubi Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi can ƙasar da yau ake kira Gana, ya tashi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Masu ba da tarihinsa sun ce a wurinta ya koyi tattali, yana jefa 'yan kuɗinsa a asusu. Ya shiga fataucin goro, ya zama cikin na farko da suka riƙa ɗoro goron a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon doguwar tafiyar ayari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa, sai manoma suka zaɓi gyaɗa, shi kuwa ya riga ya shirya. Ta yaya mutum ɗaya zai sayi gyaɗar ƙauyuka ɗaruruwa? Kuɗi yake danƙa wa yaransa su shiga karkara, su ma su danƙa wa na ƙasa da su, kaya su dawo daidai. Amana ce ke tafiya daga hannu zuwa hannu. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ne suka kai masa azurfarsa ajiya. Mutane suna son labarin raƙuman, ni kuwa asusun nan na yaro maraya ya fi tsaya mini a rai, don shi kowa zai iya kwaikwaya.

Ba cewa nake kowa zai zama Ɗantata ba, arziki na Allah ne. Amma buri dole ne, kuma a sa masa suna. "Ina so in samu rufin asiri" addu'a ce mai kyau, sai dai ba ta gaya wa mutum abin da zai yi da naira 500 da ta rage masa yau da daddare. Ka ce: nan da babbar Sallah ina so in mallaki keken ɗinki nawa na kaina. Ki ce: kafin kaka ina so in sayi injin markaɗe. Ka ce: wannan Keken da nake ja, cikin shekara biyu zan gama biya ya zama nawa. Burin da ke da suna da farashi da rana, shi ne yake hana hannu shiga aljihu a banza. Wanda ya ajiye naira 500 kullum, cikin kwana 300 yana da 150,000. Iyayenmu mata sun riga masana tattalin arziki gane wannan, shi ya sa adashe bai taɓa mutuwa ba: mutum goma, zubin dubu ɗaya kullum, kowace rana wani ya kwashi dubu goma. Da shi aka yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, da shi aka biya kuɗin jarrabawa, da shi aka sayi tunkiyar da ta haifi garke. Sai dai a zamanin nan kada a bar kuɗi su kwanta, tsada tana cin su suna kwance. Ranar da kika kwasa, ranar ki mayar da su abin da ke aiki ko abin da ke haihuwa.

Sannan a raba uwa da riba. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe ƙananan sana'o'i, kuma shiru take kisa. Mai shago ya ga aljihun tebur cike da kuɗin ciniki, sai ya ɗauka duk nasa ne. A ciki za a yi cefane, a ciki za a yi gudummawar biki, a ciki za a sa kati a waya. Ranar sari sai kuɗi su kasa, ya ce kasuwa ce ta lalace. Littafi na naira ɗari biyu da biro sun isa. Abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ya karɓi bashi da ranar da ya karɓa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa, yaron ma ya koyi lissafi a nan.

Malam tela, bari in tsaya a kanka kaɗan, don kowa ya san zancen. Azumi ya kai goma sha biyar, ka san ɗinki arba'in ne ƙarfinka, ka karɓi saba'in. Daren Sallah ka kashe waya, yaro yana kuka a gida ba riga. Ka ci kuɗin ɗinki talatin, ka sayar da sunanka a unguwa baki ɗaya. Da ka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na cika," da ta tafi da ɓacin rai na kwana ɗaya, ta dawo bayan Sallah da ƙawayenta, domin telan da ke cika alkawari labarinsa ba ya ɓuya. Haka makaniken da ya ce tsohon ƙarfe ne ya sa, bai kira shi sabo ba. Haka mai awon da bai bubbuge gindin mudu ba, da birkilan da bai rage siminti ba bayan mai gida ya juya baya. A ranar kamar asara ce. Bayan shekara biyar sai ka ga wajensa ake layi.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 ake lissafa ta, har yau ana zuba baba da toka a bar su kwanaki su nuna kafin a tsoma zane. Rawanin ɗan Kura, da aka rina aka buge har yana ƙyalli, Buzaye suna nemansa tun daga Agadas. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafin garin har Tambutu da Tarabulus. Fatar jar akuyarmu ta ƙetare Sahara, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can ta bi ta isa gare su. Kakanninmu ba su da lantarki, ba su da banki, aikinsu ne ya yi musu talla. Jininsu ne a jikinku.

Akwai masu satar jarin nan, kuma dole in ambace su. Ƙwayar da lebura ke haɗiya don ya yi aikin mutum biyu, bashi ce yake ci a jikinsa, kuma zai biya da ƙoda da hankali. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol da 'yan'uwansa suna nan suna cinye samarinmu majiya ƙarfi. Ga cacar ƙwallo da ta shigo cikin waya, mai kwashe cinikin yini cikin minti casa'in. Ga zaman majalisa daga la'asar har sha biyun dare ana raba muƙaman Abuja, alhali ba a san kuɗin makarantar yara ba. Ɗan'uwana, ƙarfin nan naka shi ne shagonka. Ka yi barci, ka ci abin da ya samu mai kyau, ka yi sallarka a kan lokaci, ka fita da wuri.

Kada wani ya fahimce ni cewa ina kiran ku ku sunkuyar da kai a yi ta tatsar ku. Malam Aminu Kano, tun kafa NEPU a 1950 har ya rasu a 1983, abin da ya koya wa talaka shi ne ya san haƙƙinsa ya buɗe baki ya nema, kuma ya tafi bai bar dukiya ba sai gidansa na Gwammaja da sunan da har yau ake rantsuwa da shi. Ku shiga ƙungiyoyin sana'arku, ku halarci taro, ku tambayi shugabanninku ina kuɗin da ake karɓa kullum suke tafiya. Ku karɓi rasit idan an karɓi haraji. Ranar zaɓe kada taliya da sabulu su sayi shekara huɗunku. Mutumin da ke cin guminsa, ba ya bin kowa da roƙo, shi ne yake iya kallon mai mulki ido cikin ido.

Ku kuma iyayen gida, masu gareji da shago da wurin walda, ga yaran nan a gabanku. Kada yaro ya shekara bakwai yana wanke sufana da sayo abinci, ba a taɓa barin sa ya kwance inji ba. Ku nuna masa sirrin aikin, ku bar shi ya ɓata ya gyara, ku ba shi lokacin zuwa makaranta ko da ta dare ce. Ku sa ranar yaye shi tun yanzu, ku gaya wa iyayensa ranar. Idan ta zo, ku haɗa masa akwatin kayan aiki, ku kama hannunsa ku kai shi wurin dilan da kuke sari, ku ce, "Wannan yarona ne, a ba shi kaya, ni na tsaya masa."