Wasiƙar Lallashin Zuciya ga Wanda Maganin Daji Ya Zubar wa Gashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya san adadin gashin kowane kai, ya ƙaddara wa kowane sili ranar tsirowarsa da ranar faɗuwarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ni bawan Allah mai rauni, mazaunin Dutsin-Ma garin Yandaka, na rubuta wannan takarda saboda ƙanwata da ke aure a Kurfi, da duk wanda abin da ya same ta ya same shi. Likita ya iske ciwon daji a mamanta, aka ɗora ta bisa ƙarin ruwan nan da ake ce wa kemo, zuwa 6, tsakanin kowane zuwa mako 3. Ta yi 2, sai kitsonta ya biyo hannun mai kitso, ta rantse ba ta komawa asibitin Katsina. Ta aiko mani da tambaya biyu. Ta ce, Yaya Malam, kukan da nake yi a kan gashina, rashin yarda da ƙaddara ne? In na bar maganin na dogara ga Allah, ba tawakkali na yi ba? Ina amsa mata amsar wanda ya ɗanɗana, domin a shekara ta 1443 ta Hijira, daidai da 2022, an yi mani wannan magani a Shika ta Zariya saboda dajin kaluluwa, gemuna ya zube duka.

Fasali na farko, cikin bayanin sababi

Ki sani, ya ke ƙanwata, Allah shi ba ki lafiya, tsoro rabinsa jahilci ne. Ciwon daji ƙwayoyin jiki ne da suka fita daga iyakar da aka yi masu, suna hayayyafa da gaggawa ba tsayawa. Shi kuwa maganin shina bin jini shina neman duk ƙwayar da ke gaggawar hayayyafa shi kashe ta. To, saiwar gashi tana cikin mafi gaggawar abin da ke tsiro a jikin ɗan Adam, sai maganin shi same ta bisa hanyarsa. Saboda haka gashi ke fara zuba bayan mako 2 ko 3 da zuwan farko, wani lokaci har gira da gashin ido da gemu. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba alamar ciwo ya ci ƙarfi ba ce, kuma ba a ɗauka daga mai shi. Ba kowane irin kemo ke zubar da gashi ba. Ga mafi yawan mutane saiwar ba ta mutuwa, bayan gama magani da 'yan makonni sai shi fara tsirowa, cikin wata 3 zuwa 6 shi rufe kai, wani lokaci da wani launi ko wani laushi dabam. Nawa gemun ya dawo da furfura fiye da yadda ya tafi. Amma ƙonawa da hasken na'ura, ita gashin wurin da hasken ya taɓa kaɗai take zubarwa.

Fasali na biyu, cikin hukuncin kuka

Amma tambayarki ta farko, jawabinta shi ne, hawaye ba shi warware haƙuri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idanunsa sun zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahimu, alhali shi ne shugaban masu yarda. Annabi Ayyuba ya kai ƙarar cutarsa ga Ubangijinsa, kuma aka yabe shi da haƙuri. Abin da ke warware haƙuri shi ne harshe shi tuhumci Allah cikin hukuncinsa. In wani ya ce maki, gashi ne kawai, me ya kai ga kuka, to bai san abin da yake faɗa ba. Gashi ado ne da Allah ya yi wa bawa, wanda aka karɓe wa ado ya ji zafi bai yi laifi ba. Ki yi kukanki, sa'an nan ki share ido ki yi alwala.

Malaman tarbiyya sun jera wa mai jarrabawa matakai 3, haƙuri, sa'an nan yarda, sa'an nan godiya. Haƙuri shi ne wajibi, sauran biyun kyauta ce da Allah ke ba wanda ya so a lokacin da ya so. Kada ki tsananta wa ranki don ba ki kai ga godiya ba tun daren farko.

Fasali na uku, cikin abin da gemuna ya karantar da ni

Ina faɗa maki aibina don ki amfana. Shekara 30 ina zaune gaban almajirai ina shafa gemu, ina zaton don sunna na tsayar da shi. Ranar da na tashi na iske shi bisa matashi, na ƙi fita wazifa kwana 9. Na ce wa iyali jiki ne ba ƙarfi, alhali ƙafata tana iya kai ni zawiya. Daren na goma na tambayi raina, wa kake ɓoye wa? Allah ne ya karɓa, ba a ɓoye masa. Sai na gane mutane nake jin kunya, kuma rabin abin da nake kira sunna neman girma ne a idon talikai. Shekara 30 ina karantar da babin riya, ban gan ta a haɓata ba sai da gashin da ke rufe ta ya faɗi. Da asuba na fita da fuskata kamar ta yaro, na zauna cikin sahu, ba abin da ya ragu daga wuridina.

Ki tuna, an aske ki ranar suna, kwana 7 da haihuwa, ba a yi shawara da ke ba, kuma sunna ce a yi sadaka da nauyin gashin nan na azurfa. Alhaji shina miƙa kansa ga aska a Mina ranar 10 ga Zulhajji shina murna, Annabi ya yi wa masu aski addu'a sau 3, masu saisaye sau 1. Ashe rabuwa da gashi ba ƙasƙanci ba ne cikin addininmu. An ruwaito cikin Buhari da Muslimu labarin mutum 3 na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho. Mai sanƙon ya roƙi gashi mai kyau aka ba shi, aka ƙara masa da shanu, sai ya butulce ya hana mabuƙaci. Jarrabawarsa da gashi ta fi jarrabawarsa ba gashi tsanani.

Fasali na huɗu, cikin tawakkali

Amma tambayarki ta biyu, ita ce mai haɗari, ki saurara da kyau. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai ne, ɗaya ba shi korar ɗaya. Annabi ya yi magani, ya yi ƙaho, ya umurci a nemi magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, ya wallafa littattafai kan maganin basur da ciwon ido, alhali shi ɗan Shehu ne kuma muridinsa. Ki binciki zuciyarki da gaskiya. Da maganin bai taɓa gashinki ba, za ki bar shi? In jawabin a'a ne, to abin da kike kira tawakkali tsoron idon kishiya ne da matan unguwa, nafsu ta sa masa rigar malamai. Gashi shina dawowa, amma daji in aka katse masa magani shina samun sarari shi yaɗu zuwa ƙashi da hanta da huhu. Rai amana ce, 'ya'yanki 4 suna da haƙƙi cikinta. Wanda ya sayar da gona don shi tsira da dangarta, ba mai hankali da zai yabe shi.

In kin hau mota daga Kurfi zuwa Katsina cikin damina, ki dubi gawo a gonaki. Kowane itace ya yi kore, shi kaɗai ya tsaya tsirara, har mutane na yi masa kirari da ƙin ruwan Allah. Manomi kuwa ba shi sare shi, domin ya san ganyen da ya zubar taki ne, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na sauran gona, kuma in rani ya yi kowa ya bushe, shi ke yin ganye dabbobi su ci. An ruwaito cewa cuta tana kakkaɓe zunuban mumini kamar yadda itace ke kakkaɓe ganyensa. Wannan daminarki ce ta gawo.

Fasali na biyar, cikin abin da za a aikata

Ki sa a rage gashin ko a aske shi tun bai gama zuba ba, ya fi sauƙi ga zuciya bisa ganinsa kullum a tabarma. A yi a hankali da abu mai tsabta, domin maganin shina raunana garkuwar jiki, ƙaramin yanka shina iya zama gyambo. Ki bar man saki da kitso mai ja. Ki shafa man kaɗanya, ki ɗaura kallabin auduga mai laushi saboda rana da sanyin hunturu. In zazzaɓi ya zo kada a jira, a tafi asibiti. Alwalarki da wankanki ingantattu ne, ki shafi fatar kai inda gashi yake a da, namiji kuma shi wanke haɓarsa. Amma gashin kanti, an hana sadar da gashi da wani gashi cikin hadisin matar nan ta Ansaru da gashin ɗiyarta ya zube saboda cuta, malamai na baya kuma sun saɓa game da wadda nata ya tafi duka, wasu sun yi rangwame don gusar da aibi. Kallabi ya fita daga saɓani.

Ya kai mijinta, ka sani tana duban fuskarka fiye da madubi, ka ji tsoron Allah cikin kallonka na farko. Ya ku masu zuwa dubiya, kada ku yi salati da ƙarfi in kun gan ta, kada ku kawo labarin wanda ya mutu, kada ku ce ta bar asibiti ta koma wani wuri. Ku yi addu'a, ku taimaka da kuɗin mota da na magani, ku taƙaita zama.

Ya ƙanwata, ranar zuwanki na 3 zan biyo ta Kurfi da sassafe in Allah ya yarda, ki shirya mu tafi tare.

Ya Allah ka warkar da majinyatanmu, ka suturta mu da suturar da ba ta zubewa, ka gafarta wa marubuci da mai karatu da mai saurare. Allah ne mafi sani.