Me Ya Haɗiye Hankalinka?

Karatu: Nehemiya 5:1-13, 6:1-4, Luka 10:38-42

A wani lungu na Zongon Kumasi akwai wani dattijo mai ɗinkin hannu, maƙwabcinmu ne shekara da shekaru. Aikinsa shi ne zanen allura a ƙirjin babbar riga. Wata safiya jikarsa ta kawo masa koko da ƙosai, ta ce, "Kaka, ga koko." Bai ɗaga kai ba, ya ce, "Ajiye nan, amarya." Ta ajiye ta tafi. Da rana ta take ta dawo ɗaukar kwano, ta tarar kokon ya yi sanyi, ƙosan yana nan yadda ta bar shi. Ta ce, "Haba Kaka, ba ka ko taɓa ba!" Ya dube ta da mamaki, ya ce, "Ba yanzu kika kawo ba?"

A cikin waɗannan awoyi trotro sun yi ta busa ƙaho a bakin titi, masu talla sun wuce, yara sun yi faɗa sun shirya. Shi bai ji ko ɗaya ba. Da ka kalli fuskarsa a lokacin, ba za ka ga murmushi ba, sai goshi a tamke da ido a kan bakin allura. Amma da ya gama aska ta ƙarshe, ya ɗaga rigar ya duba ta a hasken rana, sai fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. Mutumin nan yana da bashi, gwiwarsa tana ciwo, idonsa ya fara rauni. Duk da haka, a unguwar kaf da wuya ka sami mai kwanciyar rai kamarsa.

Tambayarmu ta yau ke nan. Mene ne wannan hali da mutum yakan nutse cikin abin da yake yi har ya manta da ciki da lokaci? Kuma duk wanda ya nutse haka ya sami farin ciki ke nan?

Kumasi gari ne da ya san wannan hali. Kakannin mutanen Zongo da yawa fataken goro ne, waɗanda suka ƙaru a nan bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kuma bayan Turawan Ingila sun kama Kumasi a 1896. Sun zo da sana'o'insu: ɗinki, dukanci, fawa, wanzanci. Ka fita kaɗan bayan gari zuwa Bonwire, za ka ga masaƙan kente, hannu da ƙafa suna tafiya tare, ido yana ƙirga zare. A shekara ta 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ka leƙa Suame Magazine, za ka ga makanike ya kasa kunne ga injin mota, yana jin abin da kai ba ka ji. Dukansu sun san wannan nutsewa, ko da ba su taɓa ba ta suna ba.

Wanda ya ba ta suna wani masanin halayyar ɗan Adam ne, Mihaly Csikszentmihalyi, ɗan asalin ƙasar Hangari. Sunan yana da nauyi a baki, bari mu ce masa Mihai. An haife shi a 1934, ya ga Yaƙin Duniya na Biyu yana yaro. Ya ga manyan mutane sun karaya da suka rasa gida da aiki, ya kuma lura cewa idan ya zauna yana buga darar Turawa, tsoron yaƙi yakan fita daga ransa na ɗan lokaci. A 1956 ya tafi Amurka, ya yi karatu a Jami'ar Shikago, ya koyar a can. Ya fara da lura da masu zanen hoto. Ya ga sukan manta da abinci da barci suna aiki, amma da zarar hoton ya kammala sai su jingine shi a bango su shiga wani. Ashe daɗin yana cikin yin aikin ne. Daga nan ya tambayi masu hawan duwatsu, da likitocin fiɗa, da masu rawa, da masu tsara kiɗa. Da yawa suka ce masa ji suke kamar ruwa mai gudu ya ɗauke su yana tafiya da su. Saboda haka ya kira halin da kalmar Turanci mai ma'anar gudanar ruwa, ya rubuta littafi a kansa a 1975, da wani a 1990 wanda ya zaga duniya. Ya rasu a 2021.

Mihai ya ce abu uku ne suke buɗe wa mutum wannan ƙofa. Na fari, ya san sarai abin da yake so ya yi. Dattijon nan ya san siffar askar da yake zanawa kafin ya soka allura. Na biyu, aikin yana nuna masa nan take ko ya yi daidai. In ɗinki ya karkace, ido zai gani tun kafin a yi nisa. Na uku, wuyar aikin ta yi daidai da gwanintarsa. Ka ɗauki yaro mai koyon kanikanci a Suame. In ogansa ya bar shi shekara biyu yana wanke sifana kawai, gundura za ta kashe masa zuciya. In kuma ranar farko aka ce ya sauke inji shi kaɗai, tsoro zai kama shi. Amma in kullum ana ba shi abin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, sai ka ga yaro ya manta da lokacin tashi.

Akwai wani abin mamaki da binciken ya tono. A 1989 Mihai da abokiyar aikinsa Judith LeFevre suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ma'aikata 78 a yankin Shikago. An ba kowa wata 'yar na'ura mai ƙara, yana yawo da ita mako guda. Duk sa'ad da ta yi ƙara, sai ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji. Aka tarar mutane sun fi shiga wannan hali mai daɗi a wurin aiki fiye da lokacin hutu. Amma a wurin aikin, in an tambaye su, sai su ce sun fi so a ce suna wani wuri. Ka ga halin ɗan Adam. Muna ɗokin a tashi daga abin da yake ciyar da ranmu, mu ruga gida mu zube gaban talabijin, mu tashi a gajiye fiye da yadda muka zauna.

A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka yi irin wannan gwaji ta wayar hannu da mutum 2,250. Suka ga kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan da aka tambaya, hankalin mutane yana wani wuri dabam da abin da hannunsu yake yi, kuma a irin waɗannan lokuta farin cikinsu yakan ragu. Bahaushe ya riga ya faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.

Wannan ya tuna mana da gidan Marta da Maryamu. Marta ba laifi take yi ba, baƙo take yi wa hidima. Abin da Ubangiji Yesu ya nuna mata shi ne zuciyarta ta rabu gida-gida, rabi a tukunya, rabi a kan 'yar'uwarta da ta ƙi tashi, har hidimar ta koma gunaguni. Maryamu kuwa ta tattara hankalinta wuri ɗaya, ga wanda ya cancanta.

To, sai mu ce duk wanda ya nutse ya tsira? A'a, ɗan'uwa. Ka sake bin lungun nan da dare. Za ka ga saurayi a kan benci, fuskarsa tana haske da hasken waya, yana cacar ƙwallo. Ka yi masa sallama, bai ji ba. Shi ma abincinsa ya yi sanyi. Shi ma bai san dare ya raba ba. In ka dubi alamun waje, da shi da dattijon nan hali ɗaya suke ciki.

Wata masaniya, Natasha Dow Schüll, ta yi shekaru tana nazarin masu caca da na'ura a birnin Las Vegas na Amurka, ta fitar da littafi a 2012. 'Yan cacar suka gaya mata ba cin kuɗi ne yake zaunar da su ba, abin da suke nema shi ne su ɓace cikin na'urar su manta da kansu. Waɗansu har suka ce cin babban rabo yakan ɓata musu rai, don yana katse musu wasan. Ta kuma nuna cewa da gangan ake ƙera na'urorin su riƙe mutum haka. Mihai da kansa ya yi gargaɗi cewa wannan hali ba ya bambanta nagari da mugu, ɓarawo ma yana iya jin sa yana fasa gida. Saboda haka nutsewa kaɗai ba ta isa shaida ba. Akwai ruwan da ake shiga a fito da kifi, akwai wanda ake shiga a nemo gawa.

Ta yaya za mu bambanta? Ga tambayoyi uku da za ka auna kanka da su.

Ta fari, me ka fito da shi? Dattijon ya tashi da riga a hannu, da gwaninta da ta ƙaru. Saurayin ya tashi da aljihu wayam, da kunya, da ƙishin ya koma. Abin kirki yakan bar ka da ƙoshi. Tarko kuwa yakan bar ka da yunwar da ta fi ta jiya.

Ta biyu, wa ya biya kuɗin daɗinka? In kuɗin makarantar ƙanwarka ne, ko jarin koko na mahaifiyarka, to daɗin nan sata ne, ko da ba ka fasa akwatin kowa ba.

Ta uku, in mabukaci ya kira ka, za ka iya ɗaga kai? A nan Nehemiya ya zama mana malami. Yana gina garun Urushalima, Sanballat da Geshem suka aika masa har sau huɗu ya sauko su gana a filin Ono. Ya ƙi, domin ya san aikin da ke hannunsa babba ne, ya kuma gane makirci ne. Cikin kwana 52 garun ya kammala. Amma ka koma sura ta biyar. Da talakawa suka yi kuka cewa sun jinginar da gonakinsu, har 'ya'yansu sun shiga bauta saboda bashi, wannan Nehemiya ɗin ya saurara, ya tara manya ya tsawata musu, ya sa suka mayar da abin da suka karɓa. Ya toshe kunnensa ga mai raba hankali, ya buɗe shi ga mai kuka. Da yawa daga cikinmu akasin haka muke yi. Ƙarar waya tana ɗaga mu nan take, amma yaro ya kira "Baba" sau uku ba mu ji ba. Ko aikin ikilisiya ne, ko koyar da mawaƙa ne, in ya haɗiye ka har matarka ta zama kamar gwauruwa a gidanka, ya wuce gona da iri.

Akwai kuma gaskiyar da bai kamata mu ɓoye ba. Ba kowane aikin kirki ne yake da wannan daɗi ba. Ka dubi 'yan matan nan masu dakon kaya a ka a kasuwar Kejetia, da yawa daga arewacin Gana suka zo. Zai zama rashin tausayi mu ce musu su ƙaunaci aikinsu kawai. Abin da suke bukata shi ne a biya su hakkinsu, a kuma buɗe musu hanyar koyon sana'ar da hankali zai sami abin kamawa a ciki. Ka dubi kuma matar da take jinyar surukarta, wanki da shara da tashin dare, wata da watanni. Lokaci ba ya gudu a wurinta, jan ƙafa yake yi. Amma wa zai ce rayuwarta ba ta da daraja a gaban Allah? Nutsewa cikin aiki kyauta ce mai kyau, ƙauna kuwa ta fi ta girma, domin ƙauna takan tsaya ko da daɗin ya ƙare.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga abin da za ka iya farawa a makon nan. Zaɓi abu ɗaya mai amfani, ɗinki ne, lissafin shago ne, koyon garaya ne, ko karatun Littafi Mai Tsarki. Ka ware masa awa ɗaya, ka bar waya a wani ɗaki. Ka sa wa kanka iyaka bayyananniya, kamar wuyan riga ɗaya ko sura ɗaya. In ya yi maka sauƙi, ƙara masa wuya kaɗan. In ya fi ƙarfinka, rage shi ko ka nemi wanda ya fi ka ya nuna maka. Kada ka karaya in mintocin farko sun yi nauyi, haka ƙofar take, sai an tura. Iyaye kuma, ku sa sana'a a hannun yaranku tun da wuri. Yaron da ya ɗanɗana daɗin gama abu da hannunsa, ba shi da saurin faɗawa hannun masu sayar da daɗin ƙarya.

Abin tunani: A makon da ya wuce, wane abu ne ya sa ka manta da lokaci? Me ka fito da shi? Wa ya kira ka ba ka ji ba?

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ka ba mu hannu da hankali. Ka tattara zukatanmu da suka warwatse, ka ba mu aikin da ya cancanci mu ba shi dukan ƙarfinmu. Ka kuɓutar da matasanmu daga abin da yake cinye su. Ka tuna da masu aikin wahala, ka ba mu kunnen jin kukansu. Cikin sunan Yesu, Amin.